Yadda Ake Gwada Tasirin Kaurin Ruwan Narki a Kan Sinadarin Ƙarfe da Haske Ke Fasawa

Ɗaliban kimiyyar sinadarai masu shirin aikin digiri na biyu sun sha yi mini tambaya iri ɗaya: malami ya ce su gwada yadda kaurin ruwan narki ke sauya aikin haske a kan sinadaran ƙarfe da kabon, to daga ina za su kama? Na ga gara in jera matakan gaba ɗaya a wuri guda. Zan yi amfani da sinadarin da aka fi sani a wannan fage, wato Cp′2Mo2(CO)6, wanda ɗakin binciken David Tyler na Jami'ar Oregon a Amurka ya shafe shekaru yana aiki da shi.

Ga abin da kake nema a taƙaice. Sinadarin na da ƙwayar molibdenom biyu a ɗaure da juna. Haske ya faɗa masa, ɗaurin ya tsinke, radikal biyu suka fito, wato gutsattsarin sinadarin biyu masu saurin manne wa wani abu. Sai dai ba su da halin rabuwa nan take, domin ƙwayoyin ruwan sun kewaye su, kamar mutum biyu da cunkoson kasuwa ya matse wuri ɗaya. Ko dai su koma su haɗe kamar ba a yi komai ba, ko su sulale kowa ya kama gabansa. Wannan matsi shi ake kira keji, tun daga aikin James Franck da Eugene Rabinowitch a 1934. Ruwa in ya yi kauri, fita daga kejin sai ta yi wuya. Aikinka shi ne ka ƙirga nawa suka fita a kowane kauri. Ka riƙe ƙa'ida ɗaya tun daga nan: kauri kaɗai za ka riƙa sauyawa, duk sauran abubuwa su tsaya inda suke.

1. Zaɓi sinadari da tarko

Nemi mai alamar Cp′, wanda ke da metil a jikin zoben kabon biyar da ke manne da kowane molibdenom. Ɗan'uwansa Cp2Mo2(CO)6 ya fi sauƙin samu, amma da ƙyar yake narkewa a ruwan hekzen (hexane), kuma duk aikin a cikin hekzen za a yi shi. Sinadarin ja ne mai duhu, yana shan haske sosai a wajen nanomita 390, sannan yana da wani tudun shan haske a wajen 510. Da wannan na biyun za ka yi aiki.

Radikal ɗin da ya fita daga keji ba ya zama. In ka bar shi zai haɗu da wani su sake zama sinadarin farko, kai kuma ba ka ga komai ba. Don haka ake ɗana masa tarko, wato ruwan CCl4 (carbon tetrachloride). Yana fita sai ya fizgi kulorin ɗaya ya zama Cp′Mo(CO)3Cl, ba ya kuma dawowa. Mark Wrighton da David Ginley sun yi amfani da wannan tarkon tun a 1975.

Gargaɗi: kada Mn2(CO)10 ya ruɗe ka don ka gan shi a kan shiryayye. Haske na fasa shi ta hanya biyu masu ƙarfi, tsinka ɗaurin ƙarfe da kuma fitar da CO, sai lissafin ya cakuɗe. Shi ma na molibdenom yana zubar da CO in aka haska shi da gajeren zango, shi ya sa ake zaɓar koren haske.

2. Kayan aiki, da inda kuɗin ke tafiya

Na'urar UV-Vis, mai auna yawan hasken da samfur ke sha, ita ce babba, kuma yawancin sassan kimiyya na jami'o'i suna da ita. Bayanta kana buƙatar kubet ('yar kwalbar da ake sa samfur a na'urar) mai faɗin santimita 1 da ake iya rufewa ruf, ƙaramin maganaɗisun motsa ruwa da zai shiga cikinsa, biskomita (ma'aunin kaurin ruwa) ta gilashi irin ta Ubbelohde ko Cannon-Fenske, agogon ƙidayar daƙiƙa, kwalbar auna nauyin ruwa, bahon ruwa mai riƙe zafi, tukunyar iskar argon ko naitirojin, da fitila.

Kuɗin ba a fitila yake tafiya ba, kamar yadda mutane ke zato. Sinadarin kansa da sukwalen (squalane, man da za a kaurara hekzen da shi) su ne masu tsada, kuma daga waje ake odarsu, don haka ka lissafa watannin jira a cikin jadawalinka. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne kaɗan ake ci: miligiram 26 na sinadarin ya isa ya ba ka mililita 100 a ƙarfin da ake so, wato mol 5 × 10⁻⁴ a kowace lita, giram ɗaya kuwa zai kai ka ƙarshen aiki har ka bar wa na bayanka. Kubet mai murfi ma ba arha ba ne, amma tunda koren haske za ka yi amfani da shi, na gilashi ya wadatar, ba sai na kwaz ba.

CCl4 kuwa matsalarsa ta takarda ce. Yarjejeniyar Montreal ta 1987, bayan gyaran da aka yi mata a 1990, ta sa shi cikin abubuwan da aka taƙaita saboda yana lalata ozon, kodayake an bar ƙofa ga wasu ayyukan bincike. Ta hannun sashenku za ka neme shi, tun kafin ka sayi komai.

Gargaɗi: CCl4 na cin hanta da ƙoda, kuma ana zarginsa da jawo kansa. A cikin akwatin zuƙe hayaƙi kaɗai ake buɗe shi. In na ɗakinku ba ya ja, aikin bai fara ba tukuna.

3. Haɗa jerin ruwan

A nan gizo ke saƙar, kuma a nan na fi ganin aiki ya lalace.

Abin da ya fi saurin zuwa wa mutum shi ne ya ɗauko ruwa daban-daban, wannan tsululu, wancan mai kauri: asiton, etanol, giliserol. Kada ka yi. Kowannensu ya bambanta da ɗan'uwansa ta fuskoki da yawa ban da kauri, kuma waɗanda ke iya manne wa ƙarfe sukan kai sinadarin wata hanya daban, ɗayan molibdenom ya ba ɗayan lantarki su rabu a matsayin ayon. In Φ, wato yawan sinadarin da ya ɓace a kan yawan hasken da ya sha, ya sauya, ba ka da hujjar cewa kauri ne ya sauya shi.

Hanyar da ta dace ita ce gauraya ruwa biyu 'yan gida ɗaya. Hekzen a digiri 25 kaurinsa santifoyis 0.30 ne. Sukwalen, C30H62, yana wajen 28. Dukansu alken (alkane) ne, kabon da haidirojin zalla, ba abin da ƙarfe zai kama a jikinsu. Kana ƙara sukwalen kana rage hekzen, kauri na hawa, sauran halaye kusan ba sa motsi. In sukwalen ya gagara, man farafin na ɗakin bincike na iya maye gurbinsa, ko ka bi jerin alken: okten 0.51, deken 0.84, dodeken 1.4, hekzadeken 3.0. Jerin ya fi tsabta amma tazararsa gajera ce.

Ga tsarin kwalba mai mililita 10. Zuba CCl4 mililita 1.93 a kowace, wannan zai ba ka mola 2, wato mol 2 a kowace lita. Zuba adadi ɗaya na sinadarin daga babbar kwalbar da ka narka shi a hekzen. Sannan sukwalen: sifiri a ta farko, sai mililita 1, 2, 3, 4, 5, 6. Cika da hekzen har zuwa zane. Kwalba bakwai kenan; ƙasa da shida ba ya ba da layin da za a yarda da shi. Sukwalen na maƙale wa bututun awo, saboda haka auna shi a sikeli ya fi.

Kafin ka amince da mola 2, gwada tarkon. A ruwa mafi tsinkewa da mafi kauri, auna Φ da CCl4 a mola 0.5, 1, 2 da 3. In Φ ya daina hawa kafin 2, tarkon na kama duk wanda ya fita. In yana ci gaba da hawa, wasu na kuɓuce masa, kuma lissafin mataki na 8 ba zai yi aiki ba.

Gargaɗi: daga lokacin da sinadarin ya shiga ruwa mai CCl4, hasken ɗaki ma na cinsa. Naɗe kowace kwalba da takardar alminiyom, rufe labule, yi aiki da ɗan jan haske. Man farafin na kantin magani kuma ba a san me aka zuba masa ba. Sa shi a UV-Vis shi kaɗai ka gani kafin ka taɓa shi.

4. Auna kaurin da hannunka

Lambobin da na kawo a sama na ruwa zalla ne. Kaurin gauraye ba ya bin rabon da ka zuba a miƙe, rabi da rabi ba ya ba da tsakiyar kaurin biyun, don haka ba a lissafa shi, aunawa ake yi.

Haɗa irin gaurayen nan bakwai ba tare da sinadarin ba, tunda ɗan abin da ke ciki bai kai ya sauya kauri ba. Tsayar da biskomita a miƙe cikin bahon, bar ta minti 15 zafin ya daidaita, tsotso ruwan sama da zane, ka ƙirga daƙiƙun da ya ɗauka tsakanin zane biyun. Maimaita sau uku aƙalla. Ninka daƙiƙun da lambar daidaitawa da ke zuwa da biskomitar, sannan ka ninka da nauyin mililita ɗaya na gaurayen, ka sami kaurin, wato η, a santifoyis. Zaɓi biskomitar da ruwan zai ɗauki fiye da daƙiƙa 200. Ɗaya ba za ta ishe ka daga hekzen har zuwa mai sukwalen da yawa ba, ka nemi biyu ko uku.

Maganar zafi ba ta wasa ba ce. Ruwan sha ma kaurinsa 1.00 ne a digiri 20, ya sauka 0.89 a 25, ya koma 0.80 a 30. Sukwalen ya fi shi saurin sauka, daga wajen 36 a digiri 20 zuwa wajen 28 a 25. Wanda ya auna kauri da safiyar hunturu a Zariya ko Kano, ya zo ya haska samfurinsa da azahar a watan Afrilu, ruwa biyu daban ya gwada. In bahonka ba ya iya sanyaya ruwa ƙasa da zafin ɗaki, tsayar da duk aikin a digiri 30 ko 35, ka rubuta haka. Ba wanda ya wajabta 25.

Gargaɗi: hekzen na tafasa a digiri 69, yana kuma tashi da sauri ko a zafin ɗaki. In lokacin gudu na ƙaruwa daga awo zuwa awo, hekzen ne ke guduwa. Toshe bakin biskomitar tsakanin awo, ko ka zuba sabo.

5. Fitila da ƙirga haskenta

A al'ada fitilar zaiba ake amfani da ita, a sa mata matacin da ke barin layin nanomita 546 kaɗai ya wuce. Tana son kusan rabin awa kafin haskenta ya tsaya, kuma in ta mutu ba ta kamawa sai ta huce. Na taɓa rasa aikin yini guda a haka: wuta ta ɗauke ina kan kwalba ta huɗu, aka tada janareta, na ci gaba ban sake auna hasken ba. Da na zana sakamakon, ɗigo uku na farko suna kan layi ɗaya, huɗun ƙarshe suna kan wani. Tun daga ranar na koma koren LED mai wajen nanomita 525 zuwa 530, a kan batir da na'urar daidaita lantarki. Arha ne, ba ya ɗumama samfur sosai, ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Aibinsa shi ne haskensa na bazuwa a faɗin nanomita 30 ko kusa da haka, don haka ka yi amfani da matsakaicin shan haske a wannan faɗin.

Ɗaure fitila da mazaunin kubet da kusoshi a kan katako ɗaya. Motsin santimita ɗaya ya isa ya sauya komai.

Sai ƙirga foton, wato ƙwayoyin haske. Ferioksalet na Hatchard da Parker, na 1956, shi ne sinadarin ƙirgar da kowa ya sani, amma ƙarfinsa a UV da shuɗin haske yake. Bayan nanomita 500 ba ya tsinana abin kirki. Ga koren haske gishirin Reinecke ake ɗauka, bisa hanyar Wegner da Adamson ta 1966. Haske na sa shi sakin tayosayanet, a zuba ƙarfe Fe(III) ya yi ja, a auna a 450. Φ ɗinsa a wajen nanomita 546 kimanin 0.28 ce. Yana sakin tayosayanet ko a duhu, saboda haka ajiye wani kaso a lulluɓe ka cire nasa daga lissafi. In kana da mita mai auna ƙarfin haske da aka daidaita kwanan nan, ga gajeriyar hanya: miliwat 1 a nanomita 546 daidai yake da mol 4.6 × 10⁻⁹ na foton a daƙiƙa.

Auna da safe, auna da yamma, kowace rana.

6. Fitar da oksijin

Oksijin na cafke radikal ɗin ƙarfe da sauri, ya zama tarko na biyu da ba ka gayyata ba. Hanya mafi kyau ita ce daskarewa da ruwan naitirojin, zuƙe iska da famfo, rufewa, narkewa, a maimaita sau uku ko huɗu. Ruwa mai kauri na riƙe kumfa, ka ba shi zagaye ɗaya ko biyu fiye da sauran, sai ka daina ganin kumfa lokacin narkewa.

Inda babu ruwan naitirojin, mutane kan hura argon cikin samfurin. Wannan na kwashe hekzen da CCl4 ya bar sukwalen, sai kaurin ya wuce wanda ka auna, ƙarfin sinadarin ma ya ƙaru. In dole ce, hura wa kowane ruwa shi kaɗai kafin gaurayawa, sannan ka haɗa su da sirinji a ƙarƙashin argon. Ko kuma ka bi da argon ta cikin kwalba mai irin gaurayen kafin ya iso samfurin, ka auna nauyin kubet kafin da bayan.

Gargaɗi: kada ka tsoma bututu a buɗe cikin ruwan naitirojin. Yana digiri 196 ƙasa da sifiri, oksijin kuwa na zama ruwa a 183 ƙasa da sifiri, zai taru a ciki, kuma haɗuwarsa da hekzen na iya fashewa. Kubet kansa ba a daskarar da shi, tsagewa yake. A wata kwalba ta gefe ake yi sannan a juye.

7. Haskawa

Fara da ɗaukar hoton shan haske daga nanomita 350 zuwa 700. Bar kubet a duhu minti 20 ka sake ɗauka. In ya sauya, ko iska na shiga ko haske na ɓullowa ta wani wuri, ka gyara kafin ka ci gaba.

Sannan ka haska na gajerun lokuta masu tsawo ɗaya, kana karanta A, wato lambar shan haske da na'urar ke nunawa, a tudun 510 bayan kowane. Tsaya kafin kashi 10 cikin ɗari na sinadarin ya ƙare, domin abin da ke fitowa shi ma yana shan haske a kusa, kuma haske na cinsa.

Mu ɗan yi lissafi ka ga saurin abin. Mililita 3 a ƙarfin mola 5 × 10⁻⁴ na ɗauke da mol 1.5 × 10⁻⁶. A ce fitilarka miliwat 1 ce, samfurin na shanye kashi 90, Φ kuma rabi. Kashi goman nan zai ƙare cikin daƙiƙa 70 da 'yan kai. Ka ga fitila mai ƙarfi ba gata ba ce. Rage ta har aikin ya kai minti biyar zuwa goma, ka sami ɗigo takwas ko goma.

Motsa ruwan a duk lokacin haskawa. A hekzen wannan ba wuya, amma a kwalba ta shida da ta bakwai maganaɗisun kan yi ta juyi a gindi alhali saman bai san ana yi ba. Gwada da ɗigon rini a gaurayen da ba sinadari, ka ga daƙiƙa nawa launin ke ɗauka ya game ko'ina, ka riƙa jiran wannan lokacin kafin karatu. Kowane gauraye sau uku, da sabon samfur. Kada kuma ka bi su a jere daga tsululu zuwa mai kauri. Cakuɗa jerin, don in fitila na raguwa a hankali kada raguwar ta yi kama da tasirin kauri.

In kuna da na'urar IR (infrared), duba samfur ɗaya a ƙarshe. Sabon tudu a wajen 2055 cm⁻¹ shaida ce cewa mai kulorin ɗin ne ya fito.

8. Lissafi

Φ shi ne mol ɗin sinadarin da ya ɓace a raba da mol ɗin foton da ya sha. Na sama: ɗauki gangarar A a kan lokaci, ninka da yawan ruwan a lita, raba da Δε. Kula, Δε shi ne ε na sinadarin farko a cire ε na abin da ya fito sau biyu, tunda kowane ɗaya na haifar da biyu (ε shi ne ƙarfin shan hasken sinadari a mola ɗaya). Mutane da yawa na manta wannan biyun. Ka auna ε a kowane gauraye, kada ka ara daga takardar wani. Na ƙasa: hasken da ke shiga a ninka da 1 − 10⁻ᴬ, inda A ta zangon fitila ce, ba ta 510 ba.

In tarko na kama kowa, Φ = φ(1 − F). φ shi ne rabon foton da ya samar da radikal biyu a keji, F kuma rabon waɗanda suka koma suka haɗe a ciki. Zana 1/Φ a tsaye, η a kwance. Miƙa layin baya zuwa kauri sifiri, inda ba keji. Wurin da ya yanki sandar tsaye shi ne 1/φ. A ce ka sami φ = 0.70, wani gauraye kuma ya ba da Φ = 0.42, to F = 1 − 0.42/0.70 = 0.40, wato huɗu cikin goma sun koma.

Sau da yawa layin na lanƙwasa a wajen kauri mai yawa. Kada ka tilasta masa miƙewa. Gwada zana shi a kan tushen η na biyu, ka rubuta duka biyun, ka faɗi wanda ka ɗauka. Ka sani kuma cewa akwai zato a ƙarƙashin lissafin nan, cewa φ ba ya sauyawa daga gauraye zuwa gauraye. Zaton na da ƙarfi ne kawai saboda ka zauna cikin alken a mataki na 3.

9. Gwajin da ya kamata ka ƙara

In lokaci ya rage, yi wannan, shi ne zai ɗaga darajar aikin. Kaurara hekzen da ɗan polima mai narkewa a cikinsa, kamar poliaisobutilin, har biskomita ta nuna kauri ɗaya da na wani gaurayen sukwalen. Auna Φ. Za ka tarar bai sauka kamar na sukwalen ba, ko kusa. Dogayen zaren polima na hana ruwan gudu a bututu, amma radikal ƙarami ne, tsakanin zaren yake ratsawa cikin hekzen tsululu, kamar kuɓewa a miya: ludayi na jin yauƙi, gishiri kuwa na yawonsa. Ɗakin Tyler ya nuna a 2016 cewa kaurin da ƙwayar ke ji a kusa da ita, wanda suka auna ta saurin yaɗuwar ƙwayoyi da na'urar NMR, ya fi na biskomita faɗin abin da F zai kasance. Saboda haka duk inda ka rubuta η, ka rubuta da me ka kaurara ruwan.

10. Sharar

Duk abin da CCl4 ya taɓa, kwalbarsa daban, da rubutu a jiki, ba a haɗa shi da sharar asiton ko hekzen zalla, ba a kuma zuba shi a kwata. Na gishirin Reinecke na da kuromiyom, shi ma kwalbarsa daban. Wanke biskomita da kubet da hekzen sau uku tun sukwalen bai kwana a ciki ba, sannan asiton, ka busar da iska. Ruwan wankin farko na cikin sharar mai kulorin.